Rayuwar Ɗalibai Mata a Kwalejin Oberlin

Oberlin ƙaramar kwaleji ce a jihar Ohio ta Amurka, irin kwalejojin nan da ba sa ɗora ɗalibi kan sana'a guda, sai dai su ba shi ilimi mai faɗi na adabi da tarihi da falsafa da lissafi da kimiyya. Wasu masu wa'azin Kirista biyu, John Shipherd da Philo Stewart, suka kafa ta a 1833. Ta fara da ɗalibai 44, 15 daga cikinsu mata, kuma ita ce kwalejin farko a ƙasar da ta haɗa maza da mata. A 1835 ta fara karɓar baƙaƙen fata.

Da fari an ware wa matan manhaja tasu mai sauƙi. Sai a 1837 mata huɗu suka shiga karatun digiri tare da maza, uku suka kammala a 1841: Mary Hosford da Elizabeth Prall da Mary Caroline Rudd.

Amma zama aji ɗaya bai sa an ɗauke su daidai da maza ba. Makarantar ta wajabta wa kowa aikin hannu, maza suna noma da saran itace, mata kuwa su ke share ɗakuna, su kai abinci tebur, su wanke kwanuka. Ranar Litinin an keɓe musu ita don wanki da ɗinkin kayan ɗalibai maza. Wani kwamiti na matan malamai ne ke sa ido kan shigarsu da fitarsu.

Abin da ya fi ci wa wasunsu tuwo a ƙwarya shi ne hana su magana a bainar jama'a. Lucy Stone, wadda ta riƙa aikin gida a makarantar kan santi 3 (kashi uku cikin ɗari na dala) a awa don ta riƙe kanta, ta haɗa kai da Antoinette Brown suka kafa ƙungiyar muhawara a ɓoye. Da lokacin yaye ɗalibai ya zo a 1847, aka nemi Lucy ta rubuta jawabi, amma malami namiji ne zai karanta a madadinta. Ta ce atafau ba za ta rubuta ba. Daga baya ta zama ɗaya daga cikin fitattun masu jawabi a Amurka kan 'yancin mata da hana bautar da mutane, wato abin da aka hana ta koyo shi ya zama sana'arta.

Ga baƙaƙen mata, nauyin biyu ne. Mary Jane Patterson ta kammala digiri a 1862, ana kuma lissafa ta a matsayin baƙar fata mace ta farko da ta yi haka a Amurka. A shekarar ce aka zargi Edmonia Lewis da sa wa ƙawayenta biyu farare guba, wasu suka yi mata dukan kawo wuƙa. Kotu ta sallame ta, amma ta bar makarantar ba ta kammala ba, ta je ta yi suna a sassaƙa a birnin Rum. Mary Church Terrell da Anna Julia Cooper sun zaɓi manhajar maza, suka gama a 1884.

Dokokin raba maza da mata sun daɗe kafin su sassauta. A 1970 mujallar Life ta sa ɗaliban Oberlin a bangonta saboda gidajen kwanan da maza da mata suka fara zama a gini ɗaya.