Ma'anar "talaucin lokaci" a batun mata da ruwa

Talaucin lokaci shi ne halin da mutum ke shiga idan ayyukan dole, waɗanda ba a biyan kowa ladansu, suka cinye masa wuni har ya rasa sukunin karatu, sana'a ko hutu. Masu nazarin daidaiton jinsi suna yawan ambatonsa idan ana maganar ruwa da tsafta, domin ɗiban ruwa na cikin ayyukan da suka fi cin lokacin mata. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna cewa a gidaje 7 cikin 10 da ba su da ruwa a harabarsu, mata da 'yan mata ne ke ɗebo shi. A ma'aunin hukumomin biyu, idan zuwa da dawowa, har da tsayuwar layi, ya wuce minti 30, ana lissafa gidan cikin masu ƙarancin ruwa, ko da daga burtsatse mai tsafta ake ɗiba.

A cikin birnin Zariya, inda matan aure da yawa ba sa fita ɗiban ruwa, baƙo zai iya zaton matsalar ba ta shafe su ba, tunda maza ne 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki. Wannan zato kuskure ne. Uwargida ce ke lissafin yadda jarka ɗaya za ta ishi girki, wanke-wanke, wankan yara da alwala, kuma sau da yawa daga cinikin ƙosai ko ƙuli-ƙulinta kuɗin ke fita. Da bazara, idan rijiyoyi sun janye, famfo ya ɗauke, garuwa ta yi tsada, 'yarta ake tasa da bokiti tun asuba, sai ta makara zuwa boko, ta isa Islamiyya a gajiye.

Makewayi ma yana cikin lissafin, domin makarantar da ba ta da bayan gida na 'yan mata mai ƙofa da ruwa takan sa wasu su zauna a gida a kwanakin al'adarsu. Shi ya sa muradi na 6, wato na ruwa da tsafta, cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara a 2015 ya ambaci buƙatun mata da 'yan mata ƙarara, yayin da yake neman a daina bahaya a fili zuwa 2030. Duk da haka, idan za a tsayar da inda za a haƙa burtsatse a unguwa, galibi a ƙofar gidan mai unguwa ake zama, kuma ba safai ake aika wa matan cikin gida a ji ta bakinsu ba.