Jam'iyya ɗaya ce, amma iko ba ɗaya ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa duk alƙawarin da ke cikin kundin manufofin jam'iyya, kowane ɗan takararta zai iya cika shi. Ba haka ba ne. Ana zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya rana guda, gwamna da 'yan majalisar jiha su ma rana guda a yawancin jihohi, amma kowa da hurumin ikonsa. A Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, akwai jadawali, wato jerin bayanai da ke ƙarshen kundin. Jadawali na Biyu ya bai wa tarayya 'yan sanda da haƙar ma'adinai, har da zinaren Zamfara. Jadawali na Huɗu ya bai wa ƙaramar hukuma kasuwanni, tashar mota da kwashe shara. Ɗan majalisa kuwa aikinsa yin doka, amincewa da kasafi da sa ido.

In ɗan takara ya yi alƙawari, a duba waɗannan jadawalin biyu a ga ko kujerarsa na da ikon. A tura wa 'yan uwa wannan bayani.