Giɓin Kuɗin Ilimin Yara Masu Buƙata ta Musamman a Ƙananan Hukumomin Ingila

Giɓin kuɗin ilimin yara masu buƙata ta musamman matsala ce ta kasafi da ta dabaibaye ƙananan hukumomin Ingila tun bayan sauya dokar da ta shafi waɗannan yara a 2014. Doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin samar wa duk yaron da aka tabbatar da lalurarsa irin tallafin karatun da ya dace da shi, ko nawa zai ci, amma abin da gwamnatin tsakiya ke turowa domin wannan aiki ba ya kai abin da ake kashewa. Maganar ta shafi Ingila ce kaɗai, domin Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce tana tafiyar da harkar iliminta da kanta.

Asalin dokar

A 1978 wani kwamiti ƙarƙashin Mary Warnock ya ba da shawarar a daina rarraba yara bisa sunan naƙasarsu, a koma duba abin da kowane yaro yake buƙata kafin ya iya karatu. Dokar Ilimi ta 1981 ta ɗauki wannan shawara, ta ƙirƙiro takardar shaidar buƙata wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa. Haka aka tafi har zuwa Dokar Yara da Iyalai ta 2014, wadda ta maye gurbin tsohuwar takardar da sabuwa mai suna EHCP, wato tsarin da ya haɗa ilimi da lafiya da kulawa wuri guda. Sabuwar takardar tana aiki tun daga haihuwa har zuwa shekara 25, kuma ta ba iyaye damar ambatar makarantar da suke so. Duk tallafin karatun da aka rubuta a cikinta ya zama wajibi a kan hukuma.

Manufar dokar mai kyau ce, kuma yara da yawa da a da ake watsi da su sun samu gata ta dalilinta. Sai dai tun ran gini ran zane: an faɗaɗa haƙƙin, ba a yi tanadin kuɗi da gine-gine da ma'aikatan da za su ɗauke shi ba, kuma an yi hakan ne a daidai shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da ake rage wa ƙananan hukumomi kasonsu, ana rufe cibiyoyin kula da ƙananan yara.

Yadda kuɗin yake tafiya

Ma'aikatar Ilimi tana ba ƙananan hukumomi kimanin 150 da ke da alhakin ilimi wani kaso na musamman da ba a yarda a kashe shi a wata hidima ba sai ta makarantu. Kason ya kasu huɗu: na makarantun gama-gari, na yara 'yan ƙasa da shekarun shiga firamare, na ayyukan ofishin hukuma, da kuma na masu babbar buƙata. Daga wannan na ƙarshe ake biyan makarantu na musamman da ƙarin kuɗin da takardar EHCP ta tanada. Makarantar gama-gari ita ce ke ɗaukar fam 6,000 na farko na ƙarin hidimar kowane yaro daga aljihunta, abin da ya haura sai hukuma ta cika. An tsayar da wannan adadi tun 2013 kuma ba a taɓa shi ba, duk da tsadar da komai ya yi. Saboda haka makarantar da ta buɗe ƙofarta ga yara masu lalura ita ce ke shan wahala, wadda ta kauce musu kuwa ta huta.

Girman matsalar

A Janairun 2015 yara da matasa kimanin 240,000 ne ke riƙe da irin wannan takarda. Zuwa Janairun 2024 sun kai kusan 576,000, a Janairun 2025 kuma suka haura 638,000. Lalurar galahanga (autism) ce ta fi yawa a cikinsu, sai matsalar magana da fahimtar harshe, da ta halayya da lafiyar ƙwaƙwalwa. Kuɗin ma ya ƙaru. Ofishin binciken kuɗi na ƙasa, NAO, ya bayyana a rahotonsa na Oktoban 2024 cewa kason masu babbar buƙata ya kai fam biliyan 10.7 a shekarar 2024-25, ƙarin kashi 58 cikin ɗari a kan na shekara goma baya ko bayan an cire hauhawar farashi. Amma yawan yaran ya tsere wa kuɗin, don haka abin da ke zuwa kan kowane yaro ya ragu. Rahoton ya kuma ce duk da wannan kashe kuɗi, sakamakon karatun yaran bai inganta ba, wanda shi ne abu mafi ciwo a cikin lamarin gaba ɗaya.

Dalilan da suka kawo hauhawar suna da sarƙaƙiya. An ƙara gane lalurorin da a da ake ɗauka taurin kai ne ko daƙiƙanci. Tsawaita shekaru zuwa 25 ya shigo da ɗaliban kwaleji. Annobar korona ta bar yara da dama da jinkirin magana da fargabar shiga mutane. Amma babban dalilin yana cikin tsarin kansa. Makarantun gama-gari, da aljihunsu ya bushe, sun rage mataimakan malamai da ƙananan tallafin da ake yi wa yaro tun matsalarsa ba ta yi nisa ba. Uwar da ta ga ɗanta yana komawa baya ba ta da wata hanya da doka ta tsaya mata sai neman EHCP. Duk takardar da aka bayar kuma tana janye kuɗi daga tallafin farko, wanda rashinsa ne ya sa aka nemi takardar. Ba daidai ba ne a ɗora wa iyaye laifi a nan, ƙofa ɗaya aka bar musu, ita suka bi.

Daga nan sai matsalar gurbi. Makarantu na musamman mallakar gwamnati sun cika maƙil, dole hukumomi suke tura yara makarantun kuɗi masu zaman kansu. Ƙiyasin da NAO ya kawo ya nuna gurbi ɗaya a irin waɗannan yana cin kimanin fam 61,500 a shekara, alhali a ta gwamnati fam 23,900 ne. Sau da yawa makarantar tana nesa da gida, sai a haɗa da kuɗin tasi ko ƙaramar bas ta kai da komowa kullum. Kuɗin sufurin nan ba daga kason makarantu yake fita ba, daga babban asusun hukuma ne, wanda da shi ake gyaran hanya da kula da tsofaffi da kwashe shara. Hukumomin karkara masu faɗin ƙasa sun fi jin wannan a jika.

Jinkiri da ƙara

Doka ta ce a kammala takarda cikin mako 20, amma a 2023 rabin takardun ne kawai suka fito a kan lokaci, saboda ƙarancin ƙwararrun da ke auna yara. Iyayen da aka hana suna iya kai ƙara kotu ta musamman, kuma a 'yan shekarun nan kashi 98 zuwa 99 cikin ɗari na ƙararrakin da aka yanke hukuncinsu iyaye ne suka yi nasara, ko duka ko a wani ɓangare. Wannan na nuna cewa hukumomi suna hana abin da doka ta riga ta bayar, sannan su kashe kuɗin jama'a wajen kare hanin. Iyalin da ke da ilimi da halin ɗaukar lauya su ne ke kaiwa ga nasara, talaka kuwa yakan gaji ya haƙura.

Jingine bashin

Ƙaramar hukuma a Ingila ba ta da ikon yin kasafi mai giɓi. Idan babban jami'in kuɗinta ya ga ba za a iya daidaita shiga da fita ba, sai ya fitar da sanarwa ƙarƙashin sashe na 114 na dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1988, a dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi in ban da wanda doka ta wajabta, kamar yadda ya faru a Birmingham da Nottingham a 2023 bisa wasu dalilai dabam. Don kada giɓin ilimi ya jefa hukumomi da yawa cikin wannan hali, a 2020 gwamnati ta kafa ƙa'idar da ta ba su damar ajiye giɓin a gefe, kada a lissafa shi cikin babban asusunsu. An tsara ta ƙare a Maris 2023, aka ɗaga zuwa Maris 2026, sannan a Yunin 2025 aka sake ɗagawa zuwa Maris 2028. Ƙa'idar ba ta goge bashin ba, kuma hukumomi sun riƙa cin rance ko taɓa ajiyarsu don rufe shi. NAO ya yi gargaɗin cewa da an cire ƙa'idar a 2026, kashi 43 cikin ɗari na hukumomin za su tarar giɓinsu ya kai ko ya kusa cinye duk ajiyarsu.

An kuma yi shirin Safety Valve, inda Ma'aikatar Ilimi ta riƙa ba hukumar da ta fi nutsewa ƙarin kuɗi bisa sharaɗin ta rage kashewa. Hukumomin Bury da Stoke-on-Trent da Kingston suna cikin na farko a 2021, daga baya manya irin su Kent da Surrey da Norfolk suka shiga, har adadin ya kai 38. Ƙungiyoyin iyaye sun soki shirin da cewa matsa lamba ce a rage bayar da takardu, kuma a Disambar 2024 gwamnati ta ce ba za ta ƙulla sabuwar yarjejeniya ba.

Tasiri a kan sauran makarantu

Hukuma na iya ɗebe har rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga kason makarantun gama-gari ta zuba a na masu babbar buƙata idan majalisar wakilan makarantun yankin ta amince, abin da ya wuce haka sai da izinin ministan ilimi. Shugabannin makarantu suna kokawa cewa wannan na ƙara raunana ajujuwan da akasarin yara masu lalura ke zaune a ciki.

A kasafin Oktoban 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta ƙara fam biliyan 1 a wannan fanni, daga baya ministar ilimi Bridget Phillipson ta ware fam miliyan 740 don samar da gurabe, musamman a cikin makarantun gama-gari. A kasafin Nuwamban 2025 gwamnati ta sanar cewa daga shekarar 2028-29 ita za ta ɗauki nauyin wannan hidima daga wuyan ƙananan hukumomi. Ofishin sa ido kan kasafi, OBR, ya ƙiyasta cewa kafin lokacin tarin giɓin zai iya kai fam biliyan 14, kuma sabon nauyin zai ƙara wa gwamnatin tsakiya kimanin fam biliyan 6 a shekarar farko.