Matsalar haɗiya: tambayoyin da na gaji da amsawa

Duk bitar da aka yi a nan Kaduna kan matsalar haɗiya, sai an tare ni a bakin ƙofa, ko a kira ni bayan isha, da tambayoyin da na riga na amsa a cikin zaure. Yawancin masu tambayar ƙannena ne a wannan aiki namu, waɗanda jama'a ke kira likitocin magana. Ga su nan na tara wuri ɗaya. Wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki, wannan rubutun zan tura masa.

Anti, ni gyaran magana na karanta. Me ya haɗa ni da haɗiya?

Leɓe ɗaya ne, harshe ɗaya, maƙogwaro ɗaya. Jijiyoyin kai da ke tafiyar da haɗiya, ta 5 da ta 7 da ta 9 da ta 10 da ta 12, su ne dai ke tafiyar da magana. Kusan rabin waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye suna fama da haɗiya a kwanakin farko. Rashin magana ba ya kashe mutum cikin mako guda, amma kunu a cikin huhu yana yi. Aikinki ne.

Dole ne sai na ƙaro ilimi bayan na gama makaranta?

Dole. Hukumar MRTB, mai rajistar masu aikin farfaɗo da majinyata, wadda aka kafa a 1988, ita ke ba mu lasisi tare da masu gashin ƙashi da masu gwajin ji, kuma tana neman shaidar ƙaro ilimi lokacin sabunta shi. Adadin makin yana cikin sanarwarta, ku karanta. Ku kuma shiga SPAAN, ƙungiyarmu ta masu gyaran magana da masu gwajin ji, ta nan ake jin labarin bita.

Amma ba don lasisi nake faɗa ba. Hausa ta haɗa mana abin a kalma ɗaya: ko ki ƙware a aikin, ko majinyacinki ya ƙware da ruwa.

Na ba majinyaci ruwa ya sha bai yi tari ba. Shi ke nan ko?

A'a. Akwai wanda ruwa ke gangarawa hanyar iskarsa shiru, ko gyaran murya ba ya yi, domin maƙogwaron ya daina ji. Bayan ya haɗiye ki sa ya ce "aaa". Idan muryar ta fito kamar ana kurkure baki, ki tsaya. Ki ɗora yatsu a zakaran wuyansa ki ji ko yana ɗagawa, ki duba numfashi, ki leƙa kumatu ko abinci ya maƙale a ɓangaren da ya shanye. Zazzaɓi bayan kwana biyu ko uku ma amsa ce, sai dai ta zo a makare.

To idan na taɓa can cikin maƙogwaro ya yi kakarin amai fa?

Wannan ba gwajin haɗiya ba ne. Akwai masu lafiya ƙalau da ba sa yi, akwai masu yi kuma suna shaƙar abinci. Haka nan 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, kada ki dogara da ita a nan.

Wanke baki ai aikin nas ne?

Wannan tambayar ce ke ɓata mini rai. Na sha shiga ɗakin majinyata na tarar an rubuta "kada a ba shi komai ta baki", an kuma fassara shi da "kada a taɓa bakin". Kwana biyar, harshe ya yi fari fat, busasshen kaki ya manne a ganɗa. Mutumin da bai ci ba, bai sha ba, yana dai haɗiye yawu, kuma yawun nan da ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ne ke sauka huhu. Binciken da Susan Langmore da abokan aikinta suka fitar a 1998 ya nuna cewa dogaro da wani wajen ciyarwa da wajen wanke baki, da ruɓaɓɓun haƙora, suna gaba-gaba cikin abubuwan da ke hango ciwon huhu. Matsalar haɗiya ita kaɗai ba ta isa ba. Buroshi mai laushi, ɗan man goge baki, majinyaci a zaune ko a kan gefensa, aƙalla safe da dare. Ki koya wa mai jinya da hannunki. Idan kina ganin kin fi ƙarfin wannan, ki nemi wani aikin.

Babu garin kaurara ruwa na kanti, in ma akwai ba sa iya saye. Zan iya cewa su ba shi koko ko kunu?

To, nan sai mun zauna. Amsar ita ce e, amma e ɗin tana da sharuɗɗa da yawa.

Kafin komai, kin tabbata yana bukatar mai kauri? Mun mai da kaurara ruwa kamar farasitamol, kowa ya zo a ba shi. Kauri yana rage wa ruwa gudu, sai maƙogwaro ya samu zarafin rufe hanyar iska. Amma abu mai kauri ya fi barin saura a maƙogwaron da ba shi da ƙarfi, kuma mutane ba sa son shansa. A 2008 an fitar da wani bincike a Amurka kan mutum 515 masu cutar mantuwa ko cutar Parkinson. Ba a ga bambanci na a zo a gani a yawan ciwon huhu ba tsakanin waɗanda aka kaurara wa ruwa da waɗanda suka sha tsinkakke suna sunkuyar da haɓa, amma ƙarancin ruwan jiki ya fi yawa a masu shan mai kauri. Yanzu ki ɗauko wannan ki ajiye a Kaduna cikin watan Afrilu, babu wuta, fanka a tsaye. Duk wanda kika kaurara wa ruwa, ki riƙa tambayar sau nawa ya yi fitsari da kuma kalarsa.

Idan kin yanke cewa yana bukata, kada kalmar "mai kauri" ta fito daga bakinki ita kaɗai. Kaurin kokon Hajiya daban, na kishiyarta daban, na Hajiyar ma yau daban gobe daban. A auna. Tsarin duniya da ake kira IDDSI ya kasa abin ci da sha bisa kauri da laushinsu zuwa matakai daga 0 zuwa 7, abin sha daga 0 zuwa 4, abinci daga 3 zuwa 7, kuma gwajinsa ba ya bukatar komai sai sirinji mai cin mililita 10. Ki cire abin turawar, ki toshe bakin da yatsa, ki cika zuwa layin 10, ki saki na daƙiƙa 10, ki sake toshewa. Idan abin da ya rage bai kai mililita 1 ba, tsinkakke ne, mataki na 0. Daga 1 zuwa 4, mataki na 1. Daga 4 zuwa 8, mataki na 2. Sama da 8, mataki na 3. Wanda ya ƙi fita sam, a koma gwajin cokali: ya zauna a kan cokali, in an karkata ya zame gaba ɗaya ba ya mannewa, wannan shi ne na 4. Ki sa rula ki auna sirinjin, daga layin 0 zuwa na 10 ya zama milimita 61.5, domin ba duka na kemis ne suka dace ba.

Sai dai koko yana da hali. Da zafi tsinkakke ne, in ya huce ya yi kauri, saboda haka a auna shi a daidai ɗumin da za a sha. Kuma gasara sitaci ce, yawu kuwa yana da sinadarin da ke narkar da sitaci. Cokalin da ya shiga baki ya koma kofi yana kai yawu, kafin a kai rabi kokon ya tsinke. Na fi so a riƙa zuba kaɗan-kaɗan a ƙaramin kofi. Garin kanti mai ɗauke da wani ƙaro da ake kira zantan (xanthan), yawu ba ya tsinka shi, wannan ce fa'idarsa. Shi ma ba a ba jariri bakwaini, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wani irinsa tun 2011 saboda ciwon hanji.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne haɗin gambiza, ruwa da gudaji a cokali ɗaya. Fura da nono da ba a dama da kyau ba, kunun gyaɗa mai shinkafa a ciki, shayi da aka tsoma burodi, har kankana da lemo, waɗanda da an tauna ruwansu ke rigan tuƙar gangarawa. Harshe na fama da gudajin, ruwan ya wuce ba sallama. Fura dai a markaɗa ta a tace. Kunun zaƙi ruwa ne kawai, kuma yana kwantawa. Tuwo yana yaudara, ana ganinsa da laushi alhali yana da danƙo, in ya huce kuma ya sandare. Ana iya murje shi cikin miyar kuka har ya saki, amma sai ya ci gwajin cokali tukuna. Yauƙin kuka da kuɓewa yana taimaka wa wasu loma ta zame, wasu kuma zaren yauƙin ne ke damunsu. Wannan sai an gwada kaɗan a gabanki, mutum da mutum, kada ki mai da shi doka. Kilishi, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dambu, garin kwaki: a ɗaga musu ƙafa tukuna. Idan majinyaci ya kai mataki na 5 na abinci, gutsuren kada ya wuce milimita 4 ga babba, wato tazarar da ke tsakanin yatsun cokali mai yatsu. A mataki na 6, santimita ɗaya da rabi, kusan faɗin farcen babban yatsa.

Ki tuna kuma da yawa daga masu shanyewar jiki suna da ciwon suga. Koko da sukari sau biyar a rana wata matsalar ce, ki haɗa su da masanin abinci.

Sannan akwai abin da ba za a faɗa miki ba sai kin tambaya: zamzam, rubutu, ruwan tofi. Za a ba shi, ko kina so ko ba kya so, galibi da dare bayan kin tafi, galibi kuma yana kwance. Idan kika ce "an hana", kin rasa iyalin. Ni nakan ce: "Baba, ba hanawa na yi ba. A shafa masa a leɓe, ko a zuba kaɗan cikin kokon da muka auna, yana zaune." Ban cika samun wanda ya ƙi wannan ba.

Ki bar wa mai jinya sirinjin, ki sa ta gwada a gabanki sau biyu. Ki kuma sa ranar sake dubawa. Mafi yawan masu shanyewar jiki haɗiyarsu na dawowa cikin makonni, kuma na taɓa haɗuwa da dattijon da ya yi wata takwas yana shan koko kawai saboda wanda ya hana shi ruwa bai sake waiwayarsa ba.

Kwas ɗin intanet ya wadatar?

Ya wadatar don sanin sunayen abubuwa. Takardun IDDSI ma kyauta ne a shafinsu. Amma yatsunki ba za su koyi motsin maƙogwaro daga waya ba. Ki nemi wanda ya riga ki, ki bi shi zagayen majinyata, ki duba yana kallonki.

Kowa zan ce ya sunkuyar da haɓa?

A'a. Yana taimakon wasu, yana ƙara wa wasu matsala. Atisayen Shaker ma, na ɗaga kai daga kwance a kalli yatsun ƙafa, ba na mai ciwon wuya ba ne. Abin da ya hau kan kowa shi ne ya zauna a miƙe, yana farke sosai, loma ƙarama, kuma kada ya kwanta sai bayan minti 30.

Ba mu da na'urar hoton haɗiya. Aikin banza nake yi kenan?

Kwantar da hankalinki. Gaskiya ne shaƙar da ba ta da tari ba a tabbatar da ita sai da hoton bidiyo na bariyam, wato sinadarin da ake haɗiya don ya fito a hoto, ko da siririyar kyamarar da ake zurawa ta hanci, gwajin da ake kira FEES, wanda Langmore ɗin nan ta bayyana a 1988. Amma dubawar gefen gado, in an yi ta da tsari, tana ceton rai. Kuma a Kaduna kike. Ga Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a cikin gari, ga asibitin Barau Dikko, ga asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro sun saba leƙa maƙogwaro da kyamara. Ki je ki gaishe su, ki san su tun kafin ranar bukata.

Iyalin sun ƙi robar ciyarwa ta hanci, wai alamar mutuwa ce.

Ba taurin kai ba ne, sun ga an sa wa wani ya rasu. Ki zauna da wanda ake jin maganarsa a gidan, ki ce masa ta ɗan lokaci ce, hanyar abinci da magani ce kafin maƙogwaro ya farfaɗo. Kada ki yi musu alkawarin za ta hana ciwon huhu, ba ta hana yawu sauka. Kuma hura iska a saurara a ciki ba ya tabbatar da inda robar take. Ana zuƙo ruwan ciki a gwada tsaminsa a ma'aunin pH, ya zama 5.5 ko ƙasa, in ana shakka a ɗau hoto.

Ya ce tuwo na tsaya masa a ƙirji, ruwa kuwa na wucewa, kuma yana ramewa.

Wannan ba naki ba ne. Matsalar hanyar da ke kai abinci ciki ce, kuma yana iya zama ciwon daji. Likita, a wannan makon. Haka yaron da ya taɓa shan sodar yin sabulu. Kuma kada a kai shi wurin wanzami a cire beli.

Yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa ba ya cin abinci, kakarsa na yi masa ɗura.

A daina yau. Yaro a kwance, an toshe hanci, yana kuka, ana kwarara kunu, hanyar iskarsa a buɗe take. Kada ki yi wa kakar faɗa a gaban surukarta. Ki ce: "Iya, zo ki ga yadda nake riƙe shi." Ki zaunar da shi a cinyarki, kai a tsaye, ƙaramin cokali, sannan ki miƙa mata cokalin.