Waiwaye: Haƙƙin ɗan haya idan za a rushe tsohon gida a Katsina

Duk wanda ya bi ta titin IBB ko wajejen Ƙofar Ƙaura ya ga yadda tsofaffin gidaje ke komawa jerin shaguna. Gidan ƙasa mai zaure da ɗakuna takwas, wanda magidanta huɗu ko biyar ke haya a ciki, sai a wayi gari magada sun sayar, wanda ya saya kuma filin yake so, ba ginin ba. Daga nan sai dillali ya zo da saƙo: "Alhaji ya ce a ba shi gidansa nan da ƙarshen wata." Ko ɗan haya na da bakin magana a nan, sai an koma baya kafin a gane.

A tsohon birni haya ba ta zama sana'a da wuri ba. Baƙo kan sauka ne a hannun fatoma ko mai unguwa, a ba shi ɗaki aro, ya riƙa kyautata wa masu gida. Zuwan ma'aikatan En'e da na gwamnati da 'yan kasuwa daga Kudu ne ya sa ɗaki ya zama abin biya wata-wata. Dokar Turawa ta 1945 kan karɓar gida daga hannun ɗan haya ita ce tushen tsarin da akasarin jihohi ke bi har yau, kuma abin da ta kawo shi ne wa'adi da zuwa kotu. Ba ta ba ɗan haya ikon zama dindindin ba.

An taɓa gwada abin da ya fi haka. Bayan ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati da aka fi sani da Udoji a tsakiyar shekarun 1970 kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, sai gwamnatin soja ta sa jihohi suka ƙayyade kuɗin haya, aka kafa kotunan haya na musamman. Tsarin bai yi ƙarko ba, don masu gidaje sun ci gaba da karɓar abin da suka ga dama ta bayan fage. A 1978 kuma Dokar Amfani da Filaye ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Da aka cire Katsina daga jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987, birnin Katsina ya zama babban birnin jiha, ma'aikata suka kwararo, darajar fili a bakin titi ta zarce ta ginin da ke kansa. Jami'o'i sun ƙara yawan masu neman ɗaki, haka ma waɗanda rashin tsaro ya koro daga Batsari da Jibiya da Safana. Shi ya sa yau mai gida ke lissafin cewa shaguna goma sun fi masa ɗakunan haya takwas.

Ƙa'idar wa'adi, idan babu rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi wani abu daban, ta danganta da yadda ake biya. Mai biyan mako yana da mako guda, mai biyan wata yana da wata guda, mai biyan wata uku-uku yana da wata uku, mai biyan shekara kuma wata shida. Idan wa'adin ya cika bai fita ba, sai a ba shi takarda ta biyu ta kwana 7, wadda ke sanar da shi cewa za a kai ƙara. Bayan ita sai sammaci, sai shari'a, sai hukunci, kuma ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum, ba yaran mai gida ba. Niyyar rushewa dalili ne da kotu ke saurare, amma ba ta rage kwana ko ɗaya daga wa'adin.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne takardar da suka sa wa hannu ba su karanta ba. Idan an rubuta cewa hayar ta shekara guda ce daga rana kaza zuwa rana kaza, to ranar da ta cika ta ƙare da kanta, wata shidan nan babu shi, sai kwana 7 kawai. Haka wanda bashin haya ya taru a kansa, ƙarfinsa a gaban alƙali ragagge ne. Wanda kuma ya ci gaba da zama bayan wa'adi, kotu na iya sa shi biyan kuɗin duk kwanakin da ya ƙara. Shekaru da dama lauyoyi sun riƙa kayar da ƙarar mai gida saboda kuskuren kwana ɗaya a notis. A 2021 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, ta nuna cewa shigar da ƙara kansa na iya gyara irin wannan kuskure. Ƙofar kayar da ƙara saboda kuskuren notis ta ƙuntata ƙwarai, kuma bai kamata a dogara da ita ba.

Abin da doka ba ta taɓa sassautawa a kai ba shi ne ɗaukar doka a hannu. Yaye kwanon rufi ana tsakiyar damina, cire ƙyaure, yanke wuta, toshe rijiya, ko jibge tifar yashi a bakin zaure don a ƙuntata wa mutane, duk shiga haƙƙi ne da ake biyan diyya a kansa. Tun 1986, a shari'ar Ojukwu da gwamnan soja na Legas, Kotun Ƙoli ta ce ko gwamnati ba ta da hurumin fitar da mutum da ƙarfi alhali magana na gaban kotu. Wanda aka yi wa haka ya ɗauki hoto a ranar, ya samu shaidu biyu, ya sanar da mai unguwa.

Da yawa daga rigingimun haya a Katsina kotun shari'ar Musulunci suke zuwa, musamman tun 2000, kuma fiƙihun Malikiyya na da abin da ya tanada. Hayar da aka yanke wa lokaci ta lazimci kowa: sayar da gida ba ya warware ta, mutuwar mai gida ma haka, don haka magada da sabon mai saye dole su jira ta cika. Hayar wata-wata da ba a yanke mata ƙarshe ba kuwa, kowa na iya janyewa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Idan gini ya rushe da kansa, hayar ta warware, a mayar wa ɗan haya ragowar kuɗinsa.

Rusau na gwamnati daban yake. Idan faɗaɗa titi ne ya ci gida, kamar yadda ake gani a ayyukan sabunta birane na gwamnatin Dikko Raɗɗa, dokar 1978 ta ce diyya ta ginin da aka yi ce da sauran abin da aka kashe a kan filin, kuma sunan mai gida ake rubutawa. Ɗan haya da ya sa tayil, ya yi kanta, ko ya ja ruwan famfo da kuɗinsa, sai ya tsaya da rasit a hannu ranar da masu ƙiyasi suka zo, in ba haka ba kuɗin aikinsa ya tafi cikin na mai gida.

Alkawarin "in an gama gini kai ne farko" ba haƙƙi ba ne a doka, kuma yawanci da baki ake yin sa. Mai son ya riƙe shi ya sa a rubuta lambar shago, kuɗin haya, da ranar miƙa makulli, a gaban shaidu. A takarda guda kuma a rubuta ragowar watannin da ya biya da ranar da za a mayar masa da kuɗin, tun kafin ya kwashe kayansa.