Yadda ake neman bayanan kame da na shari'a a ƙaramar gunduma a Amurka

Yawanci da waya ake farawa. Wani ɗan'uwa da ke tuƙa babbar mota tsakanin jihohin Amurka ya kira yayansa ya ce, “Yaya, shekara shida da suka wuce an taɓa tsare ni kwana ɗaya a wani ƙauye a Texas, yanzu kuma hukumar shige da fice ta ce in kawo takardar yadda shari'ar ta ƙare. Ina zan nufa?” Wani kuma ɗansa ne bai dawo gida ba, an ce an ga motar 'yan sanda ta tsayar da shi a hanya. Su duka biyun abu ɗaya suke nema: takarda. Takardar kuma ba ta a Washington, ba ta ma a babban birnin jihar. Tana cikin ginin kotun gundumar da abin ya faru.

Amurka na da gundumomi sama da 3,000, kowace da nata ɗakin ajiyar. Jihar Texas kaɗai tana da 254, shi ya sa zan ɗauke ta a matsayin misali. Wasu daga ciki ba su kai wata unguwa a Kano yawan jama'a ba. Gundumar Loving mutum 64 aka ƙirga a cikinta a ƙidayar 2020. Duk da haka tana da kotunta, da akawunta, da shugaban 'yan sandanta da ake kira sherif, wanda jama'a ne ke zaɓensa da ƙuri'a.

Abu na farko da ya kamata mai nema ya riƙe shi ne takardun iri biyu ne, a hannun mutane biyu, ƙarƙashin dokoki biyu. Akwai takardar kame, akwai fayil ɗin kotu. Mutane da dama suna cakuɗa su, su kwankwasa ƙofar da ba ita ba, a ce musu babu, su koma gida suna zaton an ɓoye musu ne.

Takardar kame tana wajen wanda ya yi kamen. A karkara, inda babu rundunar 'yan sandan gari, galibi ofishin sherif ne, kuma shi ke riƙe da gidan yarin gunduma. Idan aka kawo mutum, a rubuta sunansa, ranar haihuwarsa, sa'ar da aka shigo da shi, laifin da ake zarginsa da shi da kuɗin belin da aka yanka, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Mai neman ɗan'uwan da aka kama jiya nan zai fara: ya buga wa gidan yarin waya da cikakken suna da ranar haihuwa. Wasu gundumomin suna sa jerin tsararru a intanet, wasu ba su da wannan. Wasu ma ba su da gidan yari kwata-kwata, gundumar maƙwabta suke kai mutanensu, don haka in an ce ba ya nan, a tambaya ina suke ajiye waɗanda suka kama. A dokar Texas dole a gabatar da wanda aka kama gaban alƙali cikin sa'o'i 48.

Dokar da ke buɗe wannan takarda ta jiha ce. Akwai kuskuren da ake yawan yi na rubuta wasiƙa da sunan FOIA, dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya ta 1966. Wannan doka hukumomin gwamnatin tarayya kawai ta shafa. Ba ta hawa kan sherif, ba ta hawa kan kotu. A Texas dokar bayanan jama'a ta jihar ce ke aiki, wadda ta samo asali a 1973. A ƙarƙashinta sai an rubuta buƙata, ba a yi da baki. Jami'in ba shi da hurumin tambayarka me za ka yi da takardar. In yana ganin akwai abin da bai kamata a fitar ba, yana da kwanakin aiki 10 ya nemi hukuncin Antoni Janar na jihar. Za su iya riƙe bayanan bincike da ba a kammala ba, amma ainihin bayanin wanda aka kama, da kamen, da laifin da ake zargi, doka ta ce a bayar. Ba kowace jiha ce ke sakin hannu haka ba. Virginia ta taƙaita nata 'yancin ga mazauna jihar, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince da hakan a 2013 a shari'ar McBurney da Young.

To amma takardar kame rabin labari ce, kuma a nan ne nake so in daɗe. Ba ta faɗin abin da ya biyo baya. Ana iya kama mutum da zargin babban laifi, mai gabatar da ƙara ya duba ya ga babu hujja, ya ƙi shigar da ƙarar. Ana iya shigarwa, alƙali ya kore ta. Ana iya sauke zargin zuwa ƙaramin laifi a biya tara a tafi. Duk waɗannan ba sa komawa su gyara layin farko da aka rubuta a daren kamen. Kamfanonin da ke kwashe hotunan tsararru su baza a intanet wannan layin farkon suke ɗauka, ba sa bin sawun ƙarshen. Duk wanda ya ga hoton wani a irin waɗannan shafuka ya yanke masa hukunci, ya zalunce shi, domin zargi daban, laifi daban. Hukumar tarayya mai kula da daidaito wajen ɗaukar aiki ma ta faɗi haka a jagorarta ta 2012: kame kaɗai ba hujja ba ne cewa mutum ya aikata.

Ƙarshen labarin yana wajen akawun kotu. 'Yancin duba fayil ɗin kotu bai fito daga dokar bayanan jama'a ba. A Texas wannan doka ta cire ɓangaren shari'a daga cikinta. Ya fito ne daga tsohuwar ƙa'idar cewa a bainar jama'a ake shari'a. Kotun Ƙoli ta amince da 'yancin duba takardun kotu a 1978 a shari'ar Nixon da kamfanin Warner. A 1980 kuma ta yanke cewa jama'a da 'yan jarida na da 'yancin zama a zauren shari'ar laifi, bayan wani alƙali a gundumar Hanover ta Virginia ya fitar da kowa ya rufe ƙofa a wata shari'ar kisa.

Wane akawu ne, wannan ya danganta da nauyin laifin. A Texas manyan laifuka suna wajen akawun kotun yanki. Matsakaita, irin su tuƙi cikin maye karo na farko, suna wajen akawun gunduma. Ƙananan da tara kawai ake yi musu suna kotun alƙalin sulhu ko kotun gari. A gundumar da ba ta kai mutum 8,000 ba, tsarin mulkin jihar ya yarda mutum ɗaya ya haɗa ofisoshin akawu biyu na farko, wanda sauƙi ne ga mai nema.

Ginin kan kasance a tsakiyar gari, tsohon gini na dutse ko jan bulo da dandali kewaye da shi. Ka hau bene ka tarar da kanta mai tsawo, bayanta ma'aikata biyu ko uku, a lungu kwamfuta guda da aka ajiye don jama'a. Shari'o'in baya-bayan nan suna cikinta. Tsofaffin suna cikin manyan kundaye masu nauyi da aka jera sunaye bisa haruffa, wasu da rubutun hannu, ko cikin kwalaye a ɗakin ƙasa. Ofishin na iya rufewa da tsakar rana a tafi cin abinci, alƙalin yankin kuma yana iya kasancewa a wata gunduma ranar, don alƙali ɗaya kan zagaya gundumomi da yawa. Wanda zai yi tafiyar sa'o'i huɗu ya fara buga waya.

Mai suna irin namu sai ya yi hattara a nan. Ɗan sandan da ya rubuta sunan da dare yana iya sa Mohammed inda fasfo ya ce Muhammad, ko ya ɗauki sunan tsakiya ya mai da shi sunan dangi. Kwamfuta ba ta yin uzuri. Harafi ɗaya ya bambanta, ta ce babu. A gwada duk rubutun da zai yiwu, a haɗa da ranar haihuwa, a tuna kuma su wata suke fara rubutawa kafin rana. In akwai lambar shari'a a jikin tsohuwar takardar beli ko rasit ɗin tara, ta fi komai.

Dubawa a kanta kyauta ne. Kwafi ake biya, a Texas kamar dala 1 kowane shafi, da dala 5 na hatimin akawu. Wanda zai kai wa hukuma, mai hatimin zai karɓa, kuma ya tabbata ya haɗa da takardar tuhuma da takardar hukuncin ƙarshe. Ana iya yi ta gidan waya. A tambayi akawun irin kuɗin da suke karɓa. Akawu zai nuna maka inda takarda take, amma ba a yarda ya ba ka shawarar shari'a ba, wannan aikin lauya ne.

Akwai ƙofofin da ba sa buɗuwa: shari'ar yara, muhawarar masu taimaka wa alƙali da ke tantance tuhuma a asirce, fayil ɗin da alƙali ya sa aka rufe. Shafin intanet na PACER kuwa, inda ake duba fayilolin kotu a biya santi 10 kan kowane shafin takarda, kotunan tarayya kawai yake ɗauke da su, ba za a ga shari'ar gunduma a ciki ba. Cikakken tarihin kame da hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, ke tarawa mai shi ne kaɗai zai nema, da zanen yatsunsa da dala 18. A 1989 Kotun Ƙoli ta hana wani ɗan jarida irin wannan tarihin na wani mutum, ta ce akwai bambanci tsakanin bayanan da ke warwatse a kotunan gundumomi, waɗanda sai an sha wahala a same su, da waɗanda aka tattara wuri guda. Ni ina ganin hikima a wannan: kotu a buɗe take ga mai buƙata ta gaskiya, ba tare da an miƙa rayuwar mutum ɗungurungum ga duk mai son sani ba. Mai ɗaukar aiki da zai sa kamfani ya binciki mai nema kuwa, dokar tarayya ta 1970 ta ce sai da rubutaccen izininsa.

Saura maganar ɗan'uwanmu direba. Texas tana ba wanda aka kori ƙararsa ko aka wanke shi damar neman kotu ta goge bayanan, kuma abu ne mai kyau wajen neman aiki da hayar gida. Amma hukumar shige da fice ba ta ɗaukar gogewar jiha a matsayin abin bai faru ba. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambayar ko an taɓa kama ka, amsar kuma e ce ko da an goge. Haka nan tsarin da alƙali kan jingine hukunci bayan mutum ya amsa laifi, ya sa masa sharuɗɗa, daga baya ya sallame shi: a idon jiha ba a yanke masa hukunci ba, a idon dokar shige da fice an yanke. Don haka wanda ba ɗan ƙasa ba ya karɓi kwafi mai hatimi, biyu ko uku, kafin ya nemi a goge, domin bayan an goge akawun kansa ba zai iya fito da fayil ɗin ba. In kuma shari'ar ta tsufa har an lalata takardun, ko ba a taɓa shigar da ƙara ba, ya roƙi akawun ko ofishin mai gabatar da ƙara su rubuta masa wasiƙa mai hatimi da ke cewa an bincika ba a samu ba, ya kai ta tare da takardar kamen wajen lauyan shige da fice kafin ya cike fom.