Me ake nufi da "tsarin tarayya"?

Kalmar tarayya ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. 'Yan'uwa kan yi tarayya a gonar gado, abokai su yi tarayya a jari. A siyasa kuwa ma'anarta ta ƙuntata: tsari ne da ake raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da gwamnatocin jihohi, kowacce da huruminta a rubuce cikin kundin tsarin mulki, kuma kowacce umarninta yana hawa kan ɗan ƙasa kai tsaye. Wannan "kai tsaye" shi ne ƙashin bayan maganar, shi ya raba tarayya da abin da za a iya kira ƙawancen jihohi, inda tsakiya ba ta da iko a kan mutum sai ta bi ta hannun jiharsa. Amurka ta ɗanɗana duka biyun, shi ya sa labarinta ya fi saurin fito da bambancin.

Lokacin da jihohi 13 suka ɓalle daga Ingila, tsoron sarki bai bar zukatansu ba. Sai suka rubuta yarjejeniyar ƙawance a 1777, wadda ba ta fara aiki ba sai a 1781. Majalisa ɗaya ce tal, babu shugaban ƙasa, babu tsayayyar kotun ƙasa. Kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta, babba da ƙarama. Muhimmiyar magana sai jihohi 9 sun yarda, gyaran yarjejeniyar kuwa sai dukkan 13.

Babban ciwon shi ne kuɗi. Majalisar ba ta da ikon sa haraji, sai dai ta yanka wa kowace jiha kasonta ta zauna jira. Kamar adashi ne da uwar adashi ba ta isa ta matsa wa kowa ya zuba ba, amma ita ake bi bashi ranar kwasa. An nemi a ba majalisar damar karɓar kashi 5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su; ƙaramar jihar Rod Ailan ta ce a'a a 1782, magana ta mutu. Da aka sake gwadawa, Niyok ce ta kafe. Sojojin da suka yi yaƙin 'yanci ba a biya su haƙƙinsu ba, har a 1783 wasunsu suka kewaye zauren majalisar a Filadelfiya, 'yan majalisa suka tattara suka bar garin. Jihohi na sa wa kayan juna haraji, kowa tasa ta fishshe shi.

Abin da ya tsorata manya shi ne boren manoman Masacusets na 1786 zuwa 1787, wanda wani tsohon soja, Daniel Shays, yake cikin jagororinsa. Bashi da haraji sun yi musu katutu, suka rufe kotuna, suka doshi ma'ajiyar makamai. Gwamnatin tsakiya tana ji tana gani. Attajiran Boston ne suka haɗa kuɗi aka ɗauki mayaƙan da suka kashe wutar.

A watan Mayun 1787 wakilai suka hallara a Filadelfiya da sunan gyaran yarjejeniyar. Su 55 ne daga jihohi 12, George Washington na jagorantar zaman. Maimakon su yi wa tsohuwar riga faci, sai suka ɗinka sabuwa. Majalisa ta samu ikon sa haraji da kanta, da tsara ciniki tsakanin jihohi da ƙasashen waje. An hana jihohi buga kuɗinsu. An samar da shugaban ƙasa da Kotun Ƙoli, aka kuma rubuta cewa kundin da dokokin tarayya su ne sama da dokar kowace jiha. Rikicin manyan jihohi da ƙanana aka raba shi da majalisu biyu: ta wakilai bisa yawan jama'a, ta dattawa kujeru biyu ga kowace jiha. Akwai kuma sulhun da har yau abin kunya ne, na lissafa bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta amincewa: sun ce jihohi 9 sun isa, ba sai 13 ba, don kada jiha ɗaya ta sake riƙe wa kowa wuya. An cika tara a watan Yunin 1788, Washington ya sha rantsuwa a 1789. Masu tsoron tsakiya ta yi ƙarfi fiye da kima ba su yi shiru ba, matsinsu ne ya haifar da gyare-gyare goma na kare haƙƙin ɗan ƙasa a 1791. Bambancin sabon tsarin da tsohon ya fito fili a 1794, lokacin da manoman yammacin Fensilbeniya suka ƙi biyan harajin barasa. Washington ya tara dakaru kusan 13,000, boren ya watse kafin su iso.

Mu ma a Najeriya gardamar ta ratso mu. Bayan taron shugabannin sojan Najeriya a garin Aburi na Ghana cikin Janairun 1967, Ojukwu, gwamnan soja na Yankin Gabas, ya fahimci an amince da wani abu mai kama da ƙawance, gwamnatin tarayya da ke Legas a lokacin ta ce ba haka ba. Kundin 1979 ya ɗauko salon shugaba mai cikakken iko daga Amurka, yau kowace jiha na da sanatoci uku. Sai dai masu kiran "tarayya ta gaskiya" a nan kukansu kishiyar na Amurkawan 1787 ne: a wurinmu jihohi ne ke zuwa Abuja duk wata karɓar kasonsu.